Faɗuwar Waya A Kasuwannin Kan Iyaka: Tsautsayi Ne Kaɗai Ko Da Sakacinmu A Ciki?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Illela da ta Jibiya ranar Lahadi, ya san wannan ƙarar. Waya ce ta suɓuce daga hannun mai ita ta daki daɓen siminti ko ƙarfen bayan mota, sai ka ji an ɗauki salati, shi kuwa mai wayar ya sunkuya a hankali yana fargabar juyo da fuskarta. Idan ya juyo ya tarar gilashin ya yi saƙar gizo-gizo, sai na kusa da shi su ce Allah Ya mayar da alheri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai musun ƙaddara a cikinmu, to amma idan abu ya riƙa faruwa kullum, a kowace kasuwa, ga babba da yaro, ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu ko akwai wani dalili da ya wuce tsautsayi. A wannan makon muna son mu duba abin da ke sa waya faɗuwa, da abin da faɗuwar ke jawo wa ɗan kasuwar kan iyaka, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu da wuyan hukumomi.

Waya ta zama rumfa, ta zama banki

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Agustan 2001 ne aka fara amfani da wayar tafi-da-gidanka ta GSM a Nijeriya, kuma a daidai wannan zamanin ne salula ta shiga biranen Jamhuriyar Nijar. A wancan lokacin aikin waya bai wuce kira da aika gajeren saƙo ba. Idan ta lalace, ka yi asarar kuɗinta ne kawai, littafin bashinka yana nan a rumfa, kuɗinka kuma suna cikin lalita.

Abubuwa uku ne suka sauya wannan hali a kan iyaka. Na farko shi ne rufe iyakoki. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya, ba a buɗe na Illela da Maigatari ba sai a watan Disambar 2020, na Jibiya da Kamba kuwa sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. A tsawon waɗannan watanni mutumin Maraɗi da abokin cinikinsa na Katsina, ko na Ƙwanni da na Sakkwato, sun koyi yin ciniki ba tare da sun ga juna ba: a turo hoton kaya ta WhatsApp, a yi tayi da saƙon murya, a sallama. Na biyu shi ne ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira, wanda Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoban 2022, ya kuma tsananta a farkon 2023. Har mai sayar da albasa da dillalin awaki sai da suka buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, kamar yadda a ɓangaren Nijar jama'a suka dogara ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana. Na uku shi ne faɗuwar darajar Naira. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kan kusan Naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Tun da yake waya da gilashinta da batirinta duk daga waje ake shigo da su, musamman daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin, farashinsu a kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano ya bi sawun dala, daga can kuma ya gangaro kasuwanninmu.

Saboda haka wayar da ke hannun ɗan kasuwa a yau rumfa ce, littafin bashi ce, kuma ƙofar asusunsa ce. Wani mai fataucin wake ya taɓa bugo mana waya a shirinmu na kasuwanni, da wayar aro, yana ba da labarin yadda tasa ta faɗa rijiya yana leƙen guga. Ya ce kuɗin wayar bai dame shi ba kamar saƙonnin muryar da ke ciki, domin a cikinsu ne waɗanda ya bai wa kaya bashi suka amsa da bakinsu adadin buhunan da suka karɓa. Wasu sun biya shi don tsoron Allah, wasu kuwa suka ce ba haka lissafin yake ba, kuma ba shi da shaidar da zai nuna.

Laifin masu ƙera waya

Dalili na farko da ke sa waya faɗuwa yana cikin ƙirarta. Wayar Nokia 3310 da ta fito a shekarar 2000, wadda da yawanmu muka fara riƙewa, faɗinta bai kai santimita 5 ba, kaurinta ya haura santimita 2, nauyinta giram 133. Tana cika tafin hannu, yatsu su zagaye ta su haɗe. Idan ta faɗi, murfi ya yi gabas, batir ya yi yamma, kuma wannan watsewar ita ke rage ƙarfin bugun. Mai ita ya tsince su ya haɗa ya ci gaba da magana. Ko wayar iPhone ta farko da ta fito a 2007, fuskarta inci 3.5 ce kacal. Daga 2011, lokacin da Samsung ya fito da Galaxy Note mai inci 5.3, sai kamfanoni suka shiga gasar girman fuska. A yanzu yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da ake sayarwa a kasuwanninmu fuskarsu ta haura inci 6.5, faɗinsu ya kai santimita 7 da rabi, kaurinsu bai wuce milimita 8 ko 9 ba, nauyinsu kuma yana kusa da giram 200.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ita ce waya ta ƙara faɗi da nauyi, ta kuma rage wurin kamawa, alhali hannun ɗan Adam yana nan yadda Allah Ya halicce shi. Babban yatsa ba ya iya kaiwa saman fuskar waya irin wannan, don haka duk lokacin da mutum yake son taɓa wani abu a can sama sai ya sassauta riƙo ya tura wayar ta zame a tafinsa. A wannan ɗan lokacin wayar tana zaune ne a kan yatsu, ba a riƙe take ba, kuma ko kafaɗar mai turin kura ta taɓa shi ta isa ta kayar da ita. Bugu da ƙari, an yi wa gilashin wani shafe da ke hana maiƙon hannu kama shi, wanda ke ƙara masa santsi, an goge bayan wayar yana sheƙi, an kuma zagaye gefunanta. Duk wannan ado ne da ke jan idon mai saye a shago, amma a hannu santsi yake ƙarawa.

Akwai kuma tambayar da jama'a ke yawan yi: me ya sa waya ta fi faɗawa ta fuska? Wani masanin kimiyya ɗan Ingila mai suna Robert Matthews ya yi nazari a kan haka a shekarar 2015. Bayaninsa shi ne mun saba riƙe waya ta ƙasanta, yatsunmu suna ƙasa da tsakiyar nauyinta, don haka idan ta suɓuce sai ta fara da wuntsilawa a kan yatsun, kuma tazarar da ke tsakanin hannu da ƙasa ba ta isa ta kammala juyawa ta dawo ta bayanta ba. Ya kamata a sani cewa kamfanin Motorola ne ya ɗauki nauyin nazarin a lokacin da yake tallar wata waya da ya ce gilashinta ba ya fashewa, amma bayanin ya yi daidai da abin da muke gani da idonmu.

Abin da hannu ke iyawa da wanda ba ya iyawa

Dalili na biyu yana jikinmu. A shekarar 1984 wasu masana biyu a Jami'ar Umeya ta ƙasar Suwidin, Roland Johansson da Goran Westling, sun nuna cewa idan mutum ya riƙe abu da yatsunsa ba ya matse shi da dukkan ƙarfinsa. Ƙwaƙwalwa tana auna nauyin abin da santsinsa, ta ba da ƙarfin da ya ɗara abin da ake buƙata da kaɗan. Idan abin ya fara zamewa, jijiyoyin fatar yatsa su ne ke kai rahoto, sai hannu ya ƙara matsewa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, tun kafin mutum ya ankara. Wannan tsari yana aiki daidai ne idan fatar yatsa tana da ɗan danshi matsakaici. Idan ta bushe ƙayau, kamar yadda take yi mana a lokacin hunturu, kamun yatsa yana raguwa. Idan kuma ta jiƙe sharkaf da gumi a lokacin bazara, ko da ruwan alwala, nan ma santsi ne. To, ina ga mai auna man gyaɗa ko manja, da mahauci, da mai sayar da fetur a galan, da mai ɗurin gari wanda hannunsa ke cikin ƙura tun safe?

Idan kuwa wayar ta riga ta bar hannu, lissafi ba ya bayan mai ita. Abin da ya faɗo daga tsawon mita ɗaya yana isa ƙasa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, da gudun kusan kilomita 16 a sa'a. Daga kunnen mutum a tsaye, wato kamar mita ɗaya da rabi, gudun yana kusantar kilomita 20 a sa'a. Shi kuwa mutum yana buƙatar kimanin rubu'in daƙiƙa kafin abin da idonsa ya gani ya sa hannunsa ya motsa, kuma a cikin wannan ɗan lokacin wayar ta riga ta yi ƙasa da kusan santimita 30. Shi ya sa yawancin masu kai cafka ba sa kama ta, wani lokacin ma su ƙara mata duka ta yi nisa. Ga yaran mota da masu lodi da ke amsa kira a saman buhuna kuwa, tazarar ta ninka, bugun ma ya ninka.

A nan akwai abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Idan mutum ya lura abubuwa suna yawan suɓuce masa, yau waya, gobe kofin shayi, jibi makulli, ga yatsu suna yi masa dindiris ko tsira-tsira, wannan na iya zama alamar matsewar jijiya a wuyan hannu, ko illar ciwon suga ga jijiyoyi, domin su ne masu kai rahoton da muka ambata a sama. Gara ya je a duba shi. Idan kuwa hannu ɗaya ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta harɗe, to wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti ake nufa nan take ba tare da jiran gobe ba.

Namu sakacin

Dalili na uku shi ne yadda muke mu'amala da wayar, kuma a nan ne ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ɗan kasuwar kan iyaka so yake ya tauna huɗu. Yana da layin Nijeriya na MTN ko Airtel ko Glo, yana da na Nijar na Airtel ko Moov ko Zamani, sau da yawa a wayoyi biyu ko uku. Za ka gan shi ya maƙale ɗaya tsakanin kunne da kafaɗa, yana duba alat a ta biyu, ga damin Sefa a ɗaya hannun yana ƙirgawa, ga mai saye yana jan rigarsa. Maƙale waya a kafaɗa dabara ce da ta dace da wayar girke mai kauri, ba da falle mai santsi irin na yanzu ba.

Haka zalika tufafinmu ba a ɗinka su don irin wannan waya ba. Aljihun gaba na kaftani bai kai tsawonta zurfi ba, kusan rabinta a waje yake, don haka da zarar an sunkuya ɗaukar mudu, ko wanke ƙafa wajen alwala, ko an yi ruku'u, sai ta zubo. Aljihun gefe kuwa bakinsa a buɗe yake, idan an hau kabu-kabu ko an zauna a bayan a-kori-kura sai ya karkace, wayar ta sulale ba a ji ba. Iyayenmu mata da ke soke ta a ƙugun zani, ko su ajiye ta a cinya a ƙarƙashin hijabi su manta su miƙe, su ma sun san wannan asarar. Sai kuma shiga bayan gida da dare ana haska hanya da fitilar waya, wanda ya sa wayoyi da yawa suka ƙare a cikin masai. Ga kuma gajiya: wanda ya kwana a hanya daga Damagaram ko Dawanau, ya wuni a rana, idan ya kishingiɗa yana duba waya gyangyaɗi ne zai ƙwace ta.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne rairayi. Ƙwayar yashi ta fi gilashin waya tauri. Duk lokacin da waya ta kwana a aljihu ɗaya da yashi da makullai, ko aka goge ƙurar fuskarta da gefen riga, ana yi mata ƙananan zane waɗanda ido ba ya gani. Gilashi kuwa daga irin wannan zanen yake fara tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ne ya sa waya za ta faɗi sau biyar ba ta yi komai ba, a na shida ta zamo daga kan benci kawai ta tarwatse.

Turai ta yi doka, mu fa?

Abin da ya sa muka ga wannan batu ya cancanci sharhi a wannan shafi shi ne, a wasu ƙasashen an daina ɗaukar faɗuwar waya a matsayin matsalar mai ita shi kaɗai. A watan Janairun 2021 ƙasar Faransa ta wajabta wa masu sayar da waya su nuna makin da ke bayyana sauƙin gyaranta. Daga ranar 20 ga Yunin 2025 kuma wata doka ta Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta ce duk sabuwar wayar da za a shigar kasuwarsu, in ban da masu naɗewa da aka sassauta wa, dole ta jure faɗuwa sau 45 daga tsawon mita ɗaya ba tare da riga ba, ta kuma ci gaba da aiki. Dokar ta ce a haɗa wayar da takardar da ke nuna darajarta wajen jure faɗuwa, daga A zuwa E, sannan kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyaranta har shekara 7 bayan an daina sayar da ita.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ya fi buƙatar irin wannan kariya, Baturen da ke zaune a ofis mai shimfiɗe da darduma, ko mai sayar da tattasai a tsakiyar kasuwar Illela? Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da Itel, shi ke da kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka, kuma ya kai wannan matsayi ne saboda ya saurari buƙatunmu: gurbin layi biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau. Wannan ya nuna cewa idan masu saye suka nemi abu, kamfanoni suna ji. Hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, da takwararta ta Nijar, ARCEP, suna da hurumin tantance na'urorin sadarwa da ke shiga ƙasashensu. Muna ganin lokaci ya yi da za su sa juriyar faɗuwa da samuwar kayan gyara na gaskiya a cikin abin da suke dubawa. Gaskiya ne Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma wayar da ake sayarwa a Kano ita ce ake sayarwa a Maraɗi, kuma babu abin da zai hana hukumomin biyu su yi magana da murya ɗaya a kan wannan. Ƙungiyoyin masu sayar da waya da masu gyara su ma suna da rawar takawa, aƙalla su riƙa faɗa wa mai gyara waya gaskiya ko gilashin da za a sa masa na asali ne ko kwaikwayo, a kuma bambanta farashinsu.

Abin da ke hannunmu

Kafin hukumomi su motsa, rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya sayen waya ya iya saya mata riga ta roba mai kauri, wadda bakinta ya ɗan ɗara fuskar wayar tudu, kusurwoyinta kuma suke da ƙarfi, domin kusurwa ce ta fi shan duka. A ƙara da gilashin kariya, a sauya shi da zarar ya tsage. Mai aiki a saman mota ko bakin rijiya ya ɗaura mata igiya ya rataya a wuya ko ya zura a hannu, kamar yadda muke yi wa ƙananan wayoyi a da. A gaya wa tela ya zurfafa aljihun kaftani ya sa masa zif ko maɓalli. A yi amfani da abin sawa a kunne maimakon maƙale waya a kafaɗa. Ranar kasuwa kuma babu laifi a bar ƙaramar waya ta ɗauki nauyin kira, babbar ta zauna a jaka sai an zo duba alat. Idan waya ta faɗa ruwa, a kashe ta, kada a sa ta a caji, a kai wa mai gyara da wuri. Binne ta a cikin shinkafa ba ya cire ruwan da ya shige ciki, har kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu wayarsa da su daina yin haka.

Mafi muhimmanci duka shi ne kada dukiyarmu ta zauna a cikin waya kaɗai. A sa wani yaro mai ilimin abin ya adana lambobin abokan ciniki a asusun Google, ya kuma kunna ajiyar saƙonnin WhatsApp, amma lambar sirrin banki kada ta fita daga bakin mai ita. A tabbatar layin da ke haɗe da asusu an yi masa rajista da sunan mai shi, domin a Nijeriya tun daga ƙarshen 2020 an ɗaure layi da lambar NIN, kuma wanda layinsa ke ɗauke da sunan wani zai sha wahala kafin a dawo masa da shi. Sannan a koma ga littafi da biro. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma zuwan waya bai ɗauke mana wannan nauyin ba. Duk kayan da aka bayar bashi a rubuta suna da adadi da rana, a ajiye littafin a rumfa ko a gida.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin kasuwanni da sarakunan dillalai da su riƙa tunatar da mabiyansu waɗannan abubuwa, musamman yanzu da kuɗin gyaran gilashi ɗaya kan cinye ribar kwanaki. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya kuma zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, amin.